Goggon Tanderu da Kwalbar da Ta Yi Gum

Shekara talatin da ɗaya Goggo ta yi tana gaba da ruwa. Ba na sha ba, ba na wanka ba. Abokin gabarta shi ne ɗan danshin nan da ke laɓewa a jikin gilashi, inda ido ba ya kaiwa. Ita ce mai wanke kwalabe a ɗakin gwajin sinadarai, hawa na biyu, ƙarshen baranda. Ta wanke, ta ɗauraye, ta jera su a tanderu su sha wuta, ta fito da su ta toshe bakinsu tun ba su huce ba. Shi ya sa ɗalibai ke ce mata Goggon Tanderu. A gida ma maigidanta yakan ce, "Ni dai kada wata rana ki busar da ni ki toshe." Ita kuma ta ce, "Kai ai ka daɗe da bushewa, Malam."

Ba ta yi karatu mai nisa ba, amma haɗin Girinya, wanda ake ƙulla kabon da kabon da shi, ta ji bayaninsa a bakin malamai har ya zama nata.

"Ku matso, 'ya'yana," takan ce wa sababbin ɗalibai. "Kabon da kabon ba sa kula juna, kowa ji da kansa yake. Sai a kawo magniziyam, wannan ƙarfe mai kamar ɓawon fensir, ya kutsa tsakanin kabon da buromin da ke riƙe da shi, ya cika wa kabon hannu da ilektoron. Mai cikakken hannu kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Can ga wani kabon, oksijin ya janye masa nasa, yana zaune zugum. Mai yawa ya miƙa wa mai babu, shi ke nan, sun ƙullu. Haka ake gina magani da turare, ƙulli bayan ƙulli. Amma in ruwa ya riga shiga, shi ke cafke hannun, aiki ya mutu."

Abin alfaharinta ɗaya ne a duniya: kwalbar da ta busar ba ta taɓa kashe aiki ba.

Saura kwana uku ta yi ritaya, sabon Dakta, matashi mai tabarau da tsabta kamar kyanwa, ya tara ɗalibai zai nuna musu haɗin. Goggo ta miƙa masa kwalba ta tafi ɗauko tawul. Ya zuba magniziyam, ya zuba eta, sinadarin da ake yin haɗin a cikinsa, ya ɗiga sinadarin mai buromin, ya jefa ƙwayar aidin. In aiki ya kama, jan aidin zai ɓace, haɗin ya yi hazo, ya fara tafasa da kansa. Aka jira. Kwalba ta yi gum, ja wur, kamar mai fushi.

"Goggo," in ji Dakta, yana murmushi, "hala yau tanderunki ya fara ritaya kafin ke? Kwalbar nan da danshi."

Ɗalibai suka yi ƙus-ƙus. Goggo ta ji maganar har ƙashinta. Shekara talatin da ɗaya, a ce dab da sallama ne za ta ɓata rawa da tsalle? Ta ɗauko wata kwalbar ta ba shi, ta tsaya a kansa, ido ƙur.

Dakta ya cire toshiya, ya ɗaga kwalbar sama yana leƙawa, ya hango wata 'yar ƙura a bakinta. Sai ya tsuke baki, kamar yadda yake yi wa tabarau ɗinsa sau ashirin a yini.

Caraf, ta riƙe masa wuyan hannu.

"Ɗana, me za ka yi?"

"Ƙura ce zan hure..." Sai ya tuna haka ya yi wa waccan, lokacin da ta tafi ɗauko tawul. Ya dubi kwalbar farko, ya dubi Goggo.

"Numfashin mutum ai raɓa ne, Dakta. Ni ina korar ruwa ta ƙofa, kai kana shigo da shi ta taga."

Ɗakin ya kaure da dariya, shi ma har da cire tabarau. Zai hura wa tabarau ɗin, ya tuna, ya fasa. Dariya ta ƙaru.

"Na ci tuwon girman kai," ya ce. "Goggo, ki yafe. Ke za ki tayar mana da shi."

Ba ta taɓa yi da hannunta ba, kallo kawai take yi daga bakin famfo. Ya zuba komai, ita kuma ta rungumi cikin kwalbar da tafukanta biyu, ɗumin jikinta yana ratsa gilashi. Jan aidin ya dusashe kamar yamma tana sallama. Hazo ya taso, ƙananan kumfa suka fara rawa a kan ƙarfen.

"Ya kama!" in ji wata ɗaliba, ta sunkuyo da fuska.

"Ja baya, 'yar nan," in ji Goggo, ba ta ko ɗaga kai ba. "Duk mai farin ciki ya je baranda ya yi numfashinsa."