Ranar da Aka Gusar da Kujerar Kawu

Kawu Mai Walda ya yi rayuwarsa yana haɗa ƙarfe da ƙarfe. Ƙyaure, taga, gadon ƙarfe, da wuya ka taɓa wani a unguwarmu wanda bai bi ta hannunsa ba. Gilashin kare ido kuwa a wuya yake rataye shi, wai yana hana shi ganin layin aiki. Wutar walda ta yi ta cin idanun a hankali, har ya daina bambance fuskar mutum da bango. Yayan mahaifiyata ne. Yanzu yana zaune a gidan babban ɗansa, wanda nake ce wa Yaya, ni kuma nakan leƙa shi da yamma in na tashi aiki.

Baƙo in ya gan shi a falo ba zai ce makaho ne ba. Zai fito daga ɗakinsa, ya kauce wa kusurwar tebur, ya shafi bayan doguwar kujera, ya zauna a tasa ta ƙarfe wadda ya haɗa da hannunsa. Dokarsa ɗaya ce a gidan: abin da ka ɗauka, ka mayar inda ka same shi.

Yana da kwali cike da tsofaffin faya-fayan bidiyo na bayani, na namun daji, na teku, na yadda ake gina gada.

"Wannan mai bayanin ɗan halak ne," yakan ce mini. "Ba ya barin makaho a baya. In giwa ta ɗaga hanci zai faɗa. In ya yi shiru kuma, sai in ji ruwa, in ji iska. Ka san wanda ya ɗauki hoton tsuntsun da ke faifan nan damina guda ya yi kwance a ciyawa? Bai ɗaure masa ƙafa ba, bai watsa masa tsaba ba. Jira ya yi."

Amma talabijin ɗaya ce a gidan, kuma Anti, matar Yaya, da yaranta wani shiri suke so, wanda ake kulle mutane a gida ɗaya ana ɗaukar rigimarsu. Da an kunna sai Kawu ya fara.

"Wa ke ihu?"

"Baba, bari mu ji mana."

"Me aka yi mata?"

Sai su ci gaba da kallonsu, shi kuma ya ɗora.

"Tir! An tara ƙarti da 'yan mata kamar kaji a akurki, ana zuga su suna saran juna, ku kuma kun saki baki. Ko kurar da ke faifaina sai ta ji yunwa take cizo."

"Kaka, kai da ba ka gani, ina ruwanka?" in ji Auta, ƙaramar jikarsa.

"Kunne ma yana jin tashin zuciya, mummuna."

"Ai ba ka taɓa ganina ba!"

Gaskiya ta faɗa. Bayan ya makance aka haife ta.

Likita ya taɓa cewa idon hagu zai iya gyaruwa da aiki, sai dai aikin ya fi ƙarfin Yaya. Akwai kuma wani shiri, ƙanen wancan, da ke zuwa gidajen marasa lafiya ya ɗauke su a kyamara, 'yan kallo su zaɓi wanda za a yi wa magani. Anti ta aika da sunan Kawu, da kyakkyawar niyya. Ya ƙi, aka yi ta lallashi. Daga ƙarshe ya ce, "To, ko don in ga munin yarinyar nan."

Ba na gidan ranar da suka zo. Daga bakin Anti da na Kawu na ji, kuma maganarsu ba ta saɓa ba.

Shugabar tafiyar wata mata ce mai zaƙin murya, "Baba, Baba" ba ya fita bakinta. Ta ce farar rigarsa ta yi kyau da yawa, ko yana da tsohuwar rigar aiki, mai ƙunar tartsatsi? Ya haɗiye abin da ke ransa, ya shiga ɗaki ya canza. Yana ciki suka jawo tebur tsakiyar hanya, suka ɗauke kujerar ƙarfe suka kai bayan ƙofa. Anti ta ce, "Ai ba a taɓa masa kaya." Aka ce mata saboda hasken fitila ne.

Kawu ya fito da tafiyarsa ta kullum, kai a miƙe. Ƙaurinsa ya daki tebur. Kofin silba ya faɗi yana birgima. Ya miƙa hannu neman kujera, babu. Ya lalubi iska, ya sake laluba.

Sai ya ji raɗa, domin makaho ba a yi masa raɗa: "Ka samu? Matso da kyamara kan hannun."

Sannan muryar nan mai zaƙi ta ce, "Sannu Baba! Ko za ka koma ka sake fitowa? A hankali dai, ka ɗan miƙa hannuwa gaba."

Ya tsaya cak. "Wa ya taɓa mini kujera?"

"Baba, ai sai mutane sun ji tausayi suke zaɓa."

"Wato kun ɗaure wa tsuntsu ƙafa." Ya cire rigar aikin ya riƙe ta a hannu. "Ku tattara komatsanku."

"Baba, idonka fa?"

"Idon da za a buɗe mini in ga irinki? Bar mini duhuna."

Suka tafi, maganar aikin ido ta bi su. Yaya ya yi kwanaki ba ya iya haɗa magana mai tsawo da mahaifinsa.

Bayan 'yan makonni ina zaune tare da su da yamma, aka sako tallar shirin. Kiɗan tausayi, fuskoki masu hawaye, sai wata ƙara: ƙum, sannan ƙarfe yana birgima a siminti.

"Wannan kofina ne," in ji Kawu.

"Kaka, ga ka a talabijin!" Auta ta yi tsalle. "Kana neman wani abu!"

Sau biyu suka nuna hannun, na biyun a hankali. Anti ta tashi ta zare wayar daga bango gaba ɗaya, ta shige kicin. Mun daɗe muna jin tana fyace hanci.

Kawu bai yi faɗa ba. Tsaki kawai ya ja, dogo, ya ce in sa masa faifan teku.

Washegari ya aika aka kira wani tsohon abokin aikinsa, ya zo da injin huda siminti. Aka kafe ƙafafun kujerar nan huɗu a ƙasa da noti. Yaya yana tsaye yana kallo ana huda masa falo.

Har yau Kawu bai ga Auta ba. Takan zauna a hannun kujerar ta gaya masa launin kifayen, abin da mai bayani yake mantawa. In ta yi ƙarya ta ce kifin kore ne, yakan gane daga dariyarta.