Kalas ɗin da ya kashe Yaya Habibu

Shekara bakwai ke nan cif da muka binne yayana Habibu a Riyad, kuma har yau in na ji wani ya ce "kalas", wato an gama, sai gabana ya faɗi. Masu yi mini nasiha sun gaji. Sun ce mamaci addu'a yake bukata, ba tone-tone ba. Addu'a kam ina yi masa kullum, amma akwai ƙaryar da aka liƙa wa sunansa, kuma ba zan bar 'yarsa Rabi ta ci gaba da girma da ita ba.

Ni direba ne a wani gida a unguwar Nasiriya, nan Riyad. Shi kuwa aikinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, a ɗakin tukunyar tururi na wani babban asibitin gwamnati, inda ake dafa ruwa a tura tururinsa ta bututu zuwa wurin wanki da kicin da ɗakin tsabtace kayan tiyata. Bututun nan in aka bar shi tsirara, zafi ya yi ta zurarewa a hanya, tukunya ta yi ta shan mai a banza. Sana'ar Yaya ita ce ya naɗe shi da audugar gilashi, ya ɗaure da waya, sannan ya rufe da farin kwano. Audugar tana da ƙaiƙayi kamar ƙaiƙayin gero, shi ya sa kullum hannayensa a kumbure suke. Nakan tsokane shi in ce ya baro Katsina ya zo ƙasar zafi yana sa wa ƙarfe rigar sanyi. Sai ya yi dariya ya ce, "Kai dai ja motarka, ƙarfen ya fi ka sanin darajata."

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Ba ya dafa bututu sai ya ƙwanƙwasa kwanon da bayan yatsa. In akwai auduga a ciki, sautin a dushe yake fita. In babu, sai ya yi ƙara kamar gwangwani.

A shekarar da abin ya faru ya tafi hutu gida, wata biyu. Ya bar wani sashe na bututun ba a naɗe ba a hannun mushrif ɗinsu, wato shugaban ma'aikatan, ɗan garinmu wanda Yaya ne ya nemo masa aikin, suna cin abinci a tire ɗaya. Ba zan kira sunansa ba, ya san kansa, kuma na san yana karanta jaridar nan. Masu duba aiki suka matso, auduga ba ta iso ba, sai mutumin ya sa aka lulluɓe bututun da kwano zalla, ya yi ta ƙyalli kamar an gama. Ranar da Yaya ya dawo aka ce ya hau tsani ya gyara wani famfo a sama. Wani Basudane da ya riƙe masa tsanin, Ammu Ɗayyib, shi ya ba ni labari. Yaya ya leƙo ya ce, "Wannan layin fa?" Mushrif ya ce, "Kalas, Habibu, da hannuna na sa aka yi." Sau ɗaya a rayuwarsa ya yarda da bakin mutum bai ƙwanƙwasa ba. Ya jingina damtsensa a kan kwanon, zafi ya fizge shi, ya faɗo ta ƙeya.

A takardar da aka rubuta, an ce ya hau tsani babu safar hannu, cikin gaggawa da sakaci. Mushrif ne ya sa hannu. Ammu Ɗayyib yana tsoron a ƙwace igamarsa, wato takardar izinin zamansa, bai buɗe baki ba sai a kunnena. Labarin sakaci ya riga ni isa gida, har ya zama abin yi wa yara faɗa. Da kunnena na ji wata gwaggonmu tana ce wa Rabi, da ta fasa kofi, "Garaje irin na ubanki." Yarinyar ta sunkuya tana tsince fasassun.

Ina ma Yaya ya ga yau. Tun da aka ƙara kuɗin wuta da mai a ƙasar nan, kowa ya zama malamin tattalin makamashi. Aikin da ake yi wa kallon na ƙasƙanci, yanzu injiniyoyi ne ke zagaye da na'urar auna zafi suna neman inda yake zurarewa. Na san da zai yi murmushi ya ce bayan yatsansa ya riga na'urarsu. Bara suka shiga asibitin nan, na'ura ta nuna layin da ya kashe shi yana ci kamar garwashi. Suka ɓanɓare kwanon, babu ko silin auduga, shekara shida ana ƙona mai ana dumama bango. Ammu Ɗayyib ya turo mini hoton a waya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Layukan da Yaya ya naɗe da hannunsa kuwa, suka auna suka wuce, ba su taɓa ko ɗaya ba. Abin da ya bari ke nan: aikin da mutum zai dafa da tafin hannu bai ƙone ba, da 'ya mai kunyar a ambaci sunansa.

Mushrif ya koma gida tuni, ana ce masa Alhaji Injiniya. Watan jiya ya aiko a ce mini ciwon suga ya kwantar da shi, in akwai abin da ke tsakaninmu in yafe. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. To ga amsata, Alhaji. Ka sa a kai ka gidanmu, ka zauna gaban Inna da Rabi da gwaggon nan, ka faɗa da bakinka abin da ka rufe da kwano da abin da ka ce wa Habibu yana kan tsani. In ka yi haka, yafiya tana hannun Rabi, ba nawa ba. In kuwa ka ƙi, ranar da aka shimfiɗe ka gaban liman aka ce jama'a a yafe masa, zan zo, zan tsaya a sahun farko, kuma bakina zai kasance a rufe.