Kaset ɗin Khalilu

A unguwar Sih ta Madina, idan mace ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, ga goyo, ga babu dangi a kusa, Hibatullahi ake aika wa. Shekararta ashirin da uku a 1998, siririya, mai saurin tafiya kamar an biyo ta, kullum da ƙaramar rikoda a jakarta. Mata na tsokanarta da 'yar rediyo.

Rikodar nan kuwa daga kanta ta samo asali. Uwarta ta zo Hajji da tsohon ciki, ta haife ta a wani ɗakin haya a unguwar Anbariyya, kwana uku ta cika, ba wanda ya tuna ya tambaye ta garinsu. Uwa Raliya mai ƙosai ta ɗauki jaririyar, matan gidan kuma kowace ta ba ta nono don neman lada. Alheri suka yi, sai dai ba wadda ta riƙe wa ta shayar. Da ta isa aure, duk saurayin da ya fito, sai wata tsohuwa ta tuna cewa kamar uwarsa ma ta taɓa ba ta nono, ka ga ya zama ɗan'uwanta ke nan. Sau uku ana yi mata haka, ta haƙura.

Sai ta ɗaura ɗamarar kada a sake yi wa wani yaro irin wannan alherin. Takan zauna gefen uwa marar lafiya ta ɗauki muryarta: sunan yaro, sunan ubansa, garinsu, da duk macen da ta shayar da shi. Daga nan ta bi gidajen likitoci da malaman jami'a masu shirin komawa Najeriya ko Nijar, tana roƙo har wani ya karɓi riƙo, bisa sharaɗin ba za a sauya wa yaro sunan uba ba. Yara tara ta sallama haka, kowane da kaset ɗinsa a cikin kayansa.

Amma kada ka ɗauka jaruma ce. Hibatullahi ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta da ko guntuwar takardar da ta ce an haife ta. Idan ta hango motar jawazat, masu binciken takardun baƙi, tun daga nesa sai ta faɗa shagon da ya fi kusa tana taya kayan da ba ta da niyyar saye.

Na goma shi ne Khalilu, ɗan wata bakwai. Uwarsa Mariyamu tana sayar da carbi da dabino a gindin dutsen Uhudu. Da ciwo ya ci ƙarfinta, ta faɗa wa rikoda cewa sunansa Khalilu ɗan Idrisa, ubansa ya rasu, su mutanen Tasawa ne a Nijar, kuma ta ba Safiyyatu riƙonsa. Safiyyatu matar wani mai haɗa magunguna ce, sun kusa komawa Zariya, har ta riga ta shayar da shi sau biyar tare da 'yarta, ya zama ɗanta na nono.

Sai dai a asibiti Mariyamu ta cika, yaron na gefenta, ita ma ba takarda. Aka rubuta shi cikin waɗanda ba a san iyayensu ba. Mako guda ya rage a kai shi gidan marayu a raɗa masa sabon suna. Mijin Safiyyatu ya kai kaset ofis, aka ce masa murya kaɗai ba ta isa shaida ba, sai wadda ta ɗauka ta zo da kanta.

Uwa Raliya ta dafe ƙirji. "Ya binti, 'yata, ki kai kanki da ƙafarki? Su ce miki fen iƙama, ina takardarki, ki ce musu me? Halas, shi ke nan, Allah zai raya shi a can ma."

"Zai rayu, Uwa," in ji Hibatullahi. "Ni ma ai na rayu."

Kwana biyu tana juya maganar a ranta. Tsoro take ji, tsoro ƙarara, har safiyar da za su tafi. Sau biyu tana juyawa daga ƙofar ofishin. A na uku ta hango Safiyyatu riƙe da hular yaron, sai ta shiga.

Jami'in dattijo ne, bai ɗaga mata murya ba. Ta danna rikodar. Muryar Mariyamu ta fito a hankali, tana tari, Hibatullahi na mayarwa da Larabci. Ya saurara har ƙarshe, ya sa ta rantse, ya rubuta Khalilu ɗan Idrisa, ya buga hatimi. Safiyyatu ta fashe da kuka.

Sannan ya miƙa wa mai shaida hannu. "Iƙamarki."

Ta girgiza kai. Ya ce ba shi da yadda zai yi, dole a mayar da ita ƙasarsu. Ya jawo wata takardar.

"Sunan uba?"

Ta sake girgiza kai.

"To, Najeriya ko Nijar? Ina za mu kai ki?"

Hibatullahi ta dubi rikodar da ke kan tebur. Yara goma ta amsa wa wannan tambayar.

"Wallahi ban sani ba," ta ce. "Ba wanda ya tambayi uwata."