Inna Tabawa, sannu da hutawa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Afrilu 1964, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Inna Tabawa, mutuniyar Tawa, mahaifiyar Malam Garba da ke aikin biro, wato ofis, a unguwar Filato, nan Yamai. Ta dawo daga garkarta, ta yi salla, ta jingina da bango da ƙunshin yakuwa a cinyarta, shi ke nan.

Inna, tun a zaman makoki nake jin ana raɗa wai yawo ne ya kashe ki, wai da kin zauna da yanzu kina nan. Na yi shiru don kunyar baƙi. Yau ba zan yi shiru ba. Kin haura shekara tamanin, kina ruku'u da sujada ba wanda ya taɓa tallafa ki. Masu wannan magana, wasunsu ba su kai rabin shekarunki ba, amma sai sun dafa ƙasa da nishi kafin su miƙe.

Da aka sami 'yancin kai, aka ɗaga Garba a wurin aiki, ya sayo miki kujera mai taushi, ya ɗauki mai daka da mai ɗebo ruwa. Ƙauna ce ta sa shi, kin sani, kin kuma sa masa albarka. Amma kujerar kaji suka gaje ta. Da hantsi kin ɗaura zane, kin gangara bakin kogi a ƙasa, kin shiga kwalekwale zuwa garkarki a Kirkisoye, ƙetaren kogi, kin yi ban ruwa da hannunki. Mata suka ce kina zubar masa da girma, uwar babban ma'aikaci da butar ban ruwa. Kika ce, "Shi aka ba biro, ba ƙafata ba."

Gaisuwa ɗaya ce ba kya amsawa. In aka tarar da ke zaune aka ce sannu da hutawa, sai ki ce, "Wa ya mutu? Hutawa tana gaba."

Ni Kande, ni ce shaidarki. Shekarar da ɓarin jikina na hagu ya shanye, aka dawo da ni daga dispansar, ƙaramin asibitinmu, aka shimfiɗe a ɗaki. Duk mai shigowa, "Ki huta, Allah ya sawwaƙe." Har na soma jin daɗin tausayi. Ke kuwa kika shigo da tsohuwar taɓaryarki, kika dire ta a gabana.

"Tashi, 'yar nan. Tabarma ba ta ƙoshi da mutum."

Na yi kuka, na ce ba ki da imani. Kika ce in yi kukan a tsaye. Ran nan bakin ƙofa muka kai. Daga baya zaure, daga baya bakin rariya, ni da taɓarya, ke da hannu a ƙuguna kina yi mini ba'a wai tafiyata ta agwagwa ce. Ranar da na taka bakin kogi, kika wanke mini fuska da ruwansa kamar jaririya.

Yanzu, tun da aka kai ki, maigidana Bawa ya ɓoye taɓaryar. Ya ce ba mai raka ni, in na faɗi a hanya wa zai ɗauke ni. Tsoro ne ya kama shi, ban ga laifinsa ba. Amma na san inda zama zai mai da ni, na taɓa kwana a can. Na gaya masa da ladabi: in bai fito da ita ba, da muciya zan dogara. Yakuwarki ba ta san makoki ba, ruwa take jira. Da safe na iske taɓaryar jingine a bakin ɗakina.

Ina yi wa Malam Garba ta'aziyya, da ƙanwarsa Hamsatu, da jikoki, da dangi na Tawa. Garba, kada ka saurari masu cewa ka bar ta ta wahala. Ka bar ta ta rayu ne. Allah ya ba ku haƙuri.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya tabbatar da ƙafarki a kan siraɗi, ya sa Aljanna ce makomarki. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Yau dai kin isa gaban da kike faɗi. Sannu da hutawa, Inna Tabawa. Ni da sauran tafiya, gobe da hantsi ina bakin kogi.