Jarrabawata da Surukata

Manjo, wato shugaban ɗakin maganinmu na Matameye, ba ya yarda da karatun takarda shi kaɗai. Mu uku muke koyon aiki a hannunsa, kuma kafin ya bar mu mu taɓa marar lafiya na gaske sai mun gwada a kan na ƙarya. Akwai wata mai sayar da fura a bakin kasuwa, ita ya koya wa alamomin cututtuka. Da la'asar sai ta ajiye ƙwaryarta ta zo ta kwanta, ta yi ta nishi kamar ba za ta kwana ba. Ta iya ƙwarai. Ran da ta yi mana ciwon haƙarƙari, har wata tsohuwa da ke jiran allura ta fara salati.

Shekara biyu ina danna cikin matar nan ina tambayarta launin fitsarinta, ko a jikina. Sai Allah ya sa na ga 'yarta, na nema, aka ba ni.

Daga ranar magana ta ƙare. In na hango ta sai in canza hanya, ita ma haka. Manjo ya yi dariyarsa ya gaji, ya samo mini wani dattijo mai gadi da bai san ciwon komai ba sai ciwon baya.

Da kaka babban likita, Bature, ya zo daga Damagaram ya jarraba mu. Wanda ya ci zai samu takardar aiki, wanda ya faɗi ya koma gona, ni kuwa ga sabuwar amarya a ɗaki. Da na shiga sai na tarar da surukata kwance a gadon gwaji, ta juya fuska ga bango. Baturen ya ce mace yake so, manjo kuma ba shi da wata.

Ban san lokacin da na tuɓe takalma na durƙusa ba.

"Ina wuni, Inna."

Baturen ya tambayi manjo da Faransanci ko ƙafata ce ke ciwo. Manjo ya ce gaisuwa ce. Tambayoyin da na haddace duk suka gudu. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Ita ce ta cece ni. Ba ta dube ni ba, bango ta yi wa magana.

"A gaya wa likita kwana shida ba na son ƙamshin mai. A gaya masa in zai duba ya duba, ina da fura a rana."

Na miƙe. Na yi tambayoyina ina kallon ƙasa, ta yi ta ba bango amsa. Ciwon shawara take kwaikwayo, na gane, amma dole in buɗe idonta in gani, in kuma lalubi hanta. Na ja fatar idon da yatsa, ita tana kallon rufi, ni ina kallon abin da ya zama dole kawai. Sannan na ɗora hannu a ciki, ta yi wata ƙara har Baturen ya gyaɗa kai.

Na ci jarrabawar. Da yamma matata ta dawo daga gidansu da ƙwaryar fura tana ta ƙyalƙyala dariya.

"Inna ta ce a gaya maka hanta a dama take. Hagu ka nufa, ita ta murguɗa ta kawo maka wurin."

Ni da surukata ba mu taɓa tayar da zancen ba, muka ci gaba da kauce wa juna a hanya shekaru masu yawa. Da tsufa ya kwantar da ita da ciwo na gaske, aka ce za a kira sabon likitan gari. Ta ce a'a, a kira mata mijin 'yarta. Na zo na durƙusa na gaishe ta, ta juya ga bango.

"A gaya wa likita ya duba da kyau," in ji ta. "Yau ba ni da ƙarfin murguɗawa."