Kawu Nagoggo, Haƙoran Sha'aban Ba Su Gama Fitowa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Alhamis, goma ga watan Afrilu, Allah Ya karɓi ran kawuna, ƙanen mahaifiyata, Malam Nagoggo dillalin shanu, a gidansa da ke nan Daura, bayan gajeruwar jinya. Mutanen kara, kasuwar shanu, sun cika wurin jana'iza, na Mai'aduwa da na Zango, kowa yana yabon gaskiyarsa a ciniki, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ni abin da na sani game da shi daban ne. Shi zan faɗa, ko da yake wallahi jikina ba ƙarfi.

Kawu, ka san ɗana Sha'aban. Shekararsa bakwai, bai taɓa buɗe baki ya ce mini Umma ba. Likita a Katsina ya ce lalurar galahanga ce, wadda suke kira otizim. Ba ya magana, ba ya son hayaniya, ba ya yarda a taɓa masa fuska. Mun saba da wannan, muna zaune da shi yadda Allah Ya ba mu. Sai bara abu ya sake. Yaro ya fara cizon bayan hannunsa, yana tauna wuyan riga, miyau na dalala, ya ƙi tuwo, ya ƙi shinkafa, yana buga kai a bango. Babansa Zakiyyu direba ne a hanyar Kano, sai ya yi kwanaki bai shigo gida ba. Ni kaɗai ce da shi, da maƙwabta masu shawara. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce baki ne, aka kawo hayaƙi, aka kawo rubutu, wata ma cewa ta yi a kira wanzami. Na gaji har ba na iya musu da kowa.

Wata rana ka shigo, ka zauna a tabarma kana kallonsa har shayinka ya huce. Sannan ka ce, "Hadiyya, yaron nan haƙori yake yi."

Na ce haba Kawu, haƙori a shekara shida? Ai ya gama tun yana goye.

Ka ce, "Na tsufa ina buɗe bakin shanu. Maraƙi in zai sauya haƙori haka yake barin ci, ya yi ta dalala, yana goga baki a turke."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce yanzu ɗan nawa za ka haɗa da maraƙi? Ko a jikinka. Ka ce ba haɗa su ka yi ba, amma dukansu ba za su gaya mini inda ke ciwo ba, sai na duba.

Kai ka raka mu wurin likitan haƙori. Da ƙyar aka leƙa bakin. Likita ya ce manyan haƙoran tauna ne suke huda dasashi can ciki, ga kuma na gaba na ƙasa suna girgiɗa, sababbi na turo su. Ya ba da maganin rage ciwo da ma'auninsa, ya ce a ba shi abu mai sanyi mai tsabta ya tauna, a sassauta masa abinci. Na fito ina cewa a raina, faɗa da sauƙi. Wa zai kai hannu bakin Sha'aban?

Kai ka kai, amma ba a rana ɗaya ba. Kullum bayan la'asar sai ka zo ka zauna a inuwar darbejiyar tsakar gidanmu, ka sa a kashe rediyo. Ba ka fuskantarsa, gefe kake ba shi, ba ka kallon idonsa, ba ka kiran sunansa. Ka ce haka ake kusantar mai jin tsoro. Ka yanko ƙyalle biyu daga tsohon hiraminka, matarka Inna Shatu ta wanke ta tafasa. Sai ka tsoma ɗaya a ƙwaryar ruwan randa, ka murɗe, ka sa a bakinka kana tauna, ɗayan ka ajiye a gefen ƙwaryar. Dattijo da furfurarsa yana taunar tsumma! Mata masu shigowa ɗibar ruwa suna toshe baki kada dariya ta fito. Abokanka na kara suna maka tsiya, wai Nagoggo ya bar shanu ya koma reno. Kwanaki suka yi ta wucewa haka, har ranar da Sha'aban ya miƙa hannu ya ɗauki nasa, ya tura can cikin baki, ya lumshe ido. Ranar bai buga kai ba.

Daga nan ka kawo gurji mai sanyi, kana yanka masa dogo-dogo, ba ka tashi sai ya gama. Ka ce in dama fura ruwa-ruwa ba gudaji, in bar kunu ya huce sarai. Daga baya har ya yarda ka wanke hannu ka murza masa dasashi da ɗan yatsa. Kai kaɗai. Ni da na haife shi in na matso sai ya kauce, kai kuma ka ce, "Surutunki ya yi yawa, Hadiyya." Ban taɓa jin daɗin maganar nan ba, kuma ban taɓa iya ƙaryata ta ba.

Ba zan manta ranar da haƙorinsa na farko ya faɗi ba. Ya ga jini, harshensa ya taɓa giɓi, ya fasa ihu kamar an yanka shi. Na rikice. Kai kuwa sai ka durƙusa, ka wangale bakinka, ka nuna masa naka giɓin na tsufa. Ya tsaya. Ya sa yatsa a naka, ya sa a nasa, ya sake sawa a naka. Shi ke nan, ya koma wasansa.

To Kawu, yanzu na sama ne suke fitowa. Dasashin ya kumbura tun kafin ka kwanta jinya, ga zafin bazara, ga gidanka katanga ɗaya da namu cike da masu gaisuwa. Ba jayayya nake da hukuncin Allah ba, astagfirullah, amma na gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa. Kullum bayan la'asar sai yaron ya je gindin darbejiya ya zauna yana kallon ƙofa. Ban san yadda ake gaya masa mutuwa ba. Na miƙa masa ƙyallen ya ture, babansa ya gwada ya ture. Ya koma cizon hannu, ya bar abinci sai ruwa, har ya rame.

Jiya na rasa dabara, sai kawai na je na zauna. Na ba shi gefe, na tsoma ƙyalle na sa a bakina, na kame harshena, abin da ban taɓa iyawa ba. Hawaye na zuba, ban share ba don kada in motsa. Mun daɗe a haka. Bai ɗauki ƙyallen ba. Hannuna ya kamo, ya ja yatsana ya ɗora a kan kumburin, ya datse da ƙarfinsa duka. Na ji zafin har tsakiyar kaina, ban janye ba. Tun da na haife shi, wannan ne karo na farko da ya nuna mini inda ke masa ciwo. Bayan nan ya sha fura 'yar kaɗan. Yau da safe ya sake ƙin furar, amma anjima zan koma in zauna.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya sanyaya maka kamar yadda ka sanyaya wa yaron da ba zai iya yi maka godiya ba. Allah Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Shatu, da 'ya'yanka Muhammad da Yasmin, da dangi, da abokan sana'arka na kara. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ga masu zuwa gaisuwa kuma, mun gode, Allah Ya ba da lada. Roƙona ɗaya: in kun zo wucewa ta ƙofarmu bayan la'asar, don Allah ku sassauta murya. Yaro na haƙori, kuma mai lallashinsa ya tafi.