Tsoron Sanƙarau Ya Cinye Mini Hannun Dama

Malam Edita, a shekarun da aka sauke tutar Turawa ni saurayi ne mai ji da ƙarfi a wani ƙauye kusa da Kudan. Rake muke nomawa a fadama, mu matse shi da doki, mu dafa mazarƙwaila. Duk ƙauyen an san hannuna na dama, sara ɗaya nake yi wa rake, kuma bakina bai bar kowa ya manta ba. Labarin wannan hannu nake so in ba masu karatu.

Bazarar wata shekara ta zo da sanƙarau. Alamarsa ɗaya muka sani, wuya ya sanƙare. Da zarar labari ya kai kunnen duba-gari, sai a ɗauke mutum a kai shi bukkokin zana da aka kafa a bayan gari, ba mai zuwa gaishe shi. Wasu sun dawo da ƙafarsu, amma waɗanda ba su dawo ba su muke lissafawa. Har sunan ciwon aka daina kamawa, sai dai a ce abin nan ya shiga gidan wane.

Ana cikin haka na ɗauki mazarƙwaila zuwa kasuwar Makarfi a wata babbar mota mai bodin katako. Ina zaune kan buhuna sai shanu suka faɗo hanya, direba ya taka birki da ƙarfi. Kaina ya yi gaba, ya dawo baya kamar an fizge shi. Ba jini, ba karaya. Muka sauko muna dariya, har ina tsokanar wani dattijo da rawaninsa ya warware. Na ci kasuwata lafiya na koma gida.

Washegari na tashi sallar asuba, da na zo sallama sai wuya ya ƙi juyawa. Nan take sanƙarau ya faɗo mini a rai. Inna ta kawo mini koko, ta ga sai na juya jikina duka kafin in dube ta, sai ta ajiye ƙwaryar a hankali ta ja ƙyaure. Ta kira baffana, ƙanin mahaifina, wanda ke riƙe da gidan. Da ya dube ni sai ya ce kada maganar ta tsallake zaure, don shi ba zai miƙa ɗan yayansa bukkar zana ba. Ba wanda ya tambaye ni abin da ya faru jiya, ni ma tsoro ya shafe mini zancen motar. Me birki zai yi wa ƙato irina?

Da hantsi baffa ya shigo da wanzamin gidanmu kamar aski zai yi mini. Mutumin kirki ne, shi ya yi mini kaciya, kuma bayan kowane aski yakan murɗe mana wuya ya yi ƙas, mu ji daɗi. Ya taɓa goshina ya ce bai ji zafi ba, mai yiwuwa jijiya ce ta hau 'yar'uwarta, yanzu zai sauke ta. Na yi murna, har ni na ce ya sa ƙarfi. Ya kama haɓata da ƙeyata, ya yi bisimilla, ya murɗa. Na ji ƙara irin ta rake in an karya shi a gaɓa, wata wuta ta bi kafaɗata har 'yan yatsu. Da aka miƙo mini ruwa, moɗa ta suɓuce daga hannuna.

Mun ci gaba da ɓoyewa har aka yi ruwan shuka. Da fartanya ta gagare ni riƙewa aka kai ni asibiti a Zariya. Likita ya tambaya ta bakin tafinta ko na yi zazzaɓi, ko amai, ko ciwon kai mai tsanani. Na ce babu. Ya tambaya ko na faɗi ko mota ta girgiza ni, sai a lokacin shanun nan suka dawo mini. Ya bayyana cewa fizgar ce ta ja naman wuya da jijiyoyinsa, kuma sau da yawa ciwon sai an kwana yake bayyana. Da na huta, na gasa wurin da ruwan ɗumi, na sha maganin ciwo, ina motsa wuyan sannu-sannu, da wata bai ƙare ba na koma gona. Murɗar ce ta taɓa jijiyar da ke kai ƙarfi hannu, kuma mun makara. Ranar na yi kuka kamar yaro.

Ban riƙe wanzami ba, ban riƙe baffa ba, ƙauna da tsoro ne suka haɗu. Amma jama'a, ba kowane sanƙarewar wuya ce sanƙarau ba. In ta zo da zazzaɓi, a yi asibiti da gudu. In bayan mota ko faɗuwa ta zo, a faɗi gaskiyar abin da ya faru, kada a bar kowa ya murɗa, balle in hannu ya fara mutuwa. Da-na-sani ƙeya ce, ni ga shi ko waiwayen ba na iya yi sosai. Har yau in an kawo tuwo zaure, abokaina sukan matsa mini wuri, sai in ce na ƙoshi. Ba a sa hagu a akushin jama'a.